Kurakuran ƙarin ruwa da jini a tiyatar masu ciwon daji

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na gaji da ganin sabbin ma'aikatan sa barci, daga Garwa har Marwa, suna buɗe ledar ruwa gaba ɗaya da zarar tansiyon, wato ƙarfin gudun jini a jijiya, ya sauka, kamar masu cika randa. Maganin sa barci da kansa yana sassauta jijiyoyin jini, saboda haka ba kowace saukar tansiyon ce ke nufin jini ya ragu ba.

Ni ma na taɓa yin wannan aika-aika, kuma har yau abin yana cina. Wata dattijuwa ce mai sankarar hanji, nauyinta bai wuce kilo 45 ba, na ɗura mata lita biyar na ruwan gishiri ina ganin taimako nake yi. Jinin baligi kimanin mililita 70 ne a kowane kilo, wato duk jinin jikinta bai haura lita uku da ɗoriya ba. Ciwon ya riga ya cinye albumin ɗinta, wato sinadarin jini mai riƙe ruwa a jijiya, don haka ruwan bai zauna a jijiya ba, ya tsiyaye cikin huhu da bangon hanji. Washegari fuskarta ta kumbura, numfashinta yana ƙara, bayan kwanaki kuma ɗinkin hanjin ya saki. Ɗanta ya tare ni a baranda ya ce, "Malam, me ya sami Inna?" Na rasa bakin magana. Tun daga ranar mililita 250 nake sakawa, in tsaya in duba bugun zuciya da fitsari, idan babu canji in rufe in nemi efedirin, allurar ɗaga tansiyon. Kuma ruwan Ringer, wani nau'in ruwan ƙari, na fi so, domin ruwan gishiri idan ya yi yawa yana sa jini tsami.

Kuskure na biyu lalaci ne kawai, wato kintata jinin da ya zuba da ido. Ku auna ƙyallayen da suka sha jini a sikeli, ku cire nauyinsu na busassu, giram ɗaya mililita ɗaya ne, sannan ku cire ruwan wanke ciki daga abin da ke kwalbar zuƙa. Kada tansiyon ya ruɗe ku, yana iya tsayawa daram har mutum ya rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na jininsa, awon himogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, ma ba ya faɗin gaskiya ana tsakiyar zubar jini.

Alkawarin dangi cewa za su kawo jini ba jini ba ne, ni sai na ga leda a firji kafin a sa wuƙa. Ruwan sukari na gulukos mai kashi 5 cikin ɗari ba ya maye gurbin jini. A zafin Afrilu kada a hana mara lafiya shan ruwa tun dare, farin ruwa ya halatta har saura awa biyu a shiga tiyata, sai dai idan hanji ko ciki ya toshe. A tambayi magungunan daji da aka yi masa, domin doksorubisin na raunana zuciya, sisfilatin kuma ƙoda.