Wufa da manyan sifiku a falo: inda ake yin kuskure

Wani ƙanena a Jidda ya kira ni ransa a ɓace. "Yaya, wufar nan da na saya ba ta da kyau, sai gunji kawai." Da na je na tarar wufar, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, lafiyarta ƙalau. Ya cusa ta a kusurwar majalisa, ƙasa tayil, bango siminti, ya kuma murɗe ƙararta har ƙarshe. Gilashin taga na karkarwa, muryar mai sharhin ƙwallo kuwa ta nutse.

Kuskuren da na fi gani shi ne a bar manyan sifiku da wufa suna rububin aiki ɗaya. Mutum yana ganin sifikunsa dogaye ne, sai ya gaya wa amfilifaya cewa manya ne, su ɗauki komai. Sai sauti mai kauri ya riƙa fitowa daga wurare uku, a wani gefen ɗaki ya ninku, a wani ya kashe juna. Shiga saitin amfilifaya ka sa su a matsayin ƙanana, ko da sun kai ƙugunka, ka ajiye mararrabar sauti, wato iyakar da ake raba aiki tsakanin sifiku da wufa, a Hz 80 (Hz shi ne awon kauri ko sirantar sauti), ma'aunin da THX, kamfanin da ke tsara ƙa'idojin sautin sinima, ya tsayar. Abin da ke ƙasa da nan na wufa ne. Sifikun za su sami sauƙi, murya ta fito tas. In amfilifaya ce ke rabon, murɗa mararrabar da ke bayan wufa zuwa ƙarshe, kada a tace sautin sau biyu.

Sai wurin ajiya, kuma nan ake ƙyuya. Tsawon igiyar sauti a Hz 80 ya haura mita 4, kusan faɗin ɗakunanmu, shi ya sa matsar da wufa taku biyu ke canza komai. Ɗora ta a inda kake zama, kunna abu mai kauri, ka bi gindin bango da rarrafe kana saurare. Inda ka ji sautin ya daidaita, ba inda ya fi ƙarfi ba, nan ne mazauninta. Na ƙanena ya faɗo kusa da sifikar hagu, nesa da kusurwa.

Maɓallin nan mai 0 da 180 da ke bayan wufa, mai daidaita bugunta da na sifiku, shi ma ba ado ba ne. Zauna, wani ya juya maka, ka bar shi a inda kaurin ya fi cika.

In kana jin "huuum" ko ba a kunna komai ba, yawanci wutar gida ce, wadda a Saudiyya take Hz 60. Jona wufa da amfilifaya a soket ɗaya, ka kuma zare wayar dish ka gani ko ita ce.

Ƙarar kuma a rage. In ka rufe ido ka iya nuna inda wufar take, ta yi yawa. Masu zama a bene su sa mata roba mai kauri a ƙasa, don maƙwabcin da ke ƙarƙashinku shi ma yana da haƙƙin barci.