Yadda na gyara matsalar adana yanayin JVM

Manhajarmu ta Java, wadda ke kan uwar garke a ofishinmu na Kaduna, tana ɓata lokaci kafin ta tashi duk sanda aka ɗauke wuta, saboda haka na koma ga CRaC, tsarin adana yanayin manhajar Java mai gudana, wanda ke amfani da CRIU (manhajar daskarar da aiki mai gudana) a kan Linux wajen kwafe ƙwaƙwalwar JVM (injin da ke gudanar da manhajojin Java) zuwa faifai, domin a dawo da manhajar daga wannan hoton maimakon ta tashi daga farko.

Da na ba da umarnin jcmd JDK.checkpoint, sai adanawar ta ƙi yiwuwa. Dalili kuwa shi ne haɗin da ke tsakaninmu da rumbun bayanai yana buɗe, alhali CRaC yana bukatar a rufe duk wani fayil ko soket (mashigar haɗin sadarwa) tukuna, domin ɗaya ɓangaren haɗin ba zai jira a dawo da manhajar ba.

Na rubuta aji (class) mai aiwatar da Resource na CRaC, yana rufe haɗin a beforeCheckpoint (kafin adanawa), ya sake buɗe shi a afterRestore (bayan dawowa). Na kuma riƙe wannan Resource ɗin a wani fili (field) na dindindin, don idan ba haka ba mai kwashe shara na JVM, wanda ke share abin da ba a amfani da shi a ƙwaƙwalwa, zai iya share shi. Yanzu zaɓin -XX:CRaCRestoreFrom yana dawo da manhajar nan take. Na kulle babban fayil ɗin hoton, tunda kalmomin sirri na ciki.