Yadda ake shirya wa jarrabawar tsara rumbun bayanai da SQL

Wannan kwas ba ya cin hadda. Ɗalibi zai iya karanto ma'anar 3NF (mataki na uku na daidaita teburin bayanai) tiryan-tiryan, amma a ajiye masa tebur mai ginshiƙai bakwai a ce ya gyara, sai ya yi tsuru-tsuru. Saboda haka shirin nan na hannu ne: biro da takarda tukuna, kwamfuta daga baya.

Da farko, ka ƙirƙiri rumbu ɗaya ka riƙe shi har ranar jarrabawa. Ɗauki rajistar ɗalibai: akwai ɗalibi, akwai kwas, akwai malami. Zana su da zanen ER, wato zanen abubuwa da alaƙarsu, salon da Peter Chen ya gabatar a 1976, ka nuna alaƙar kowanne da ɗan'uwansa. A misalinmu malami ɗaya yana iya koyar da kwas da yawa, amma kowane kwas malaminsa ɗaya. Shi kuwa ɗalibi yana ɗaukar kwas da yawa, kwas ma yana da ɗalibai da yawa. Irin wannan alaƙa ta biyu ba ta zama sai da tebur na uku a tsakani, wato RAJISTA, wanda babban mabuɗinsa (abin da ke bambanta kowane layi da sauran) haɗin lambar ɗalibi ne da lambar kwas, kowace lamba kuma baƙon mabuɗi ce mai nuni zuwa teburinta na asali.

Sai daidaita tebur, inda ya kamata mafi yawan lokacinka ya tafi. Da gangan ka cusa komai a tebur guda: lambar ɗalibi, sunansa, lambar kwas, sunan kwas, lambar malami, ofishin malami, maki. Cika layi shida ko bakwai da hannunka. Yanzu sauya wa malami ɗaya ofis, ka ga layi nawa za ka taɓa. Goge ɗalibin da shi kaɗai ya yi rajistar wani kwas, ka ga yadda bayanin kwas ɗin ya bi shi. Waɗannan matsaloli ne Edgar Codd, wanda ya kawo tsarin tebura masu alaƙa a 1970 yana aiki a IBM, ya so magancewa da matakan daidaitawa.

Kafin ka raba komai, rubuta abin da ya dogara da wani, da kibiya. Lambar ɗalibi → sunan ɗalibi. Lambar kwas → sunan kwas da lambar malami. Lambar malami → ofis. Lambar ɗalibi da ta kwas a haɗe → maki. Don gano mabuɗi, ɗauki ginshiƙan da kake zato, ka riƙa bin kibiyoyi kana tara abin da suka kai ka gare shi har tarin ya daina ƙaruwa. In ya tattaro dukkan ginshiƙai, kuma babu wanda za ka cire ya ci gaba da tattarowa, to ka sami mabuɗi.

Daga nan sauran sauƙi ne. Mabuɗin teburinmu haɗin lambar ɗalibi ne da ta kwas, amma sunan ɗalibi ya dogara da rabin mabuɗi kawai, wannan ya karya 2NF, mataki na biyu, sai ka fitar da DALIBI da KWAS. A cikin KWAS kuma ofis ya rataya ne ga malami, malami ga kwas, dogaro ta bayan gida ke nan, ya karya 3NF, sai ka fitar da MALAMI. BCNF, matakin da ke gaba da 3NF, ya fi tsauri: duk abin da ke hagun kibiya dole ya iya tantance layin gaba ɗaya. A takardar amsa kada ka tsaya kan teburan ƙarshe kawai. Nuna kibiyar da ta karya doka a kowane mataki, don da ita mai dubawa zai san ba cinke ka yi ba.

Na uku, SQL, harshen ba rumbun bayanai umarni. Sauke SQLite ko PostgreSQL, duka kyauta ne, ka gina teburan nan huɗu. Doka ɗaya: kada ka danna umarni sai ka rubuta a takarda sakamakon da kake tsammani. Inda hasashenka ya saɓa da na injin, nan ne karatunka yake.

Ka san cewa ba a bin umarni yadda aka jera shi a rubuce. A ma'ana FROM ne farko, sai WHERE, GROUP BY, HAVING, sannan SELECT, ORDER BY a ƙarshe. Shi ya sa COUNT ba ya shiga WHERE: a lokacin ba a kasa layuka rukuni-rukuni ba tukuna. In an ce ka kawo matsakaicin maki na kwasa-kwasan da ɗalibansu suka haura 30, sharaɗin yana cikin HAVING COUNT(*) > 30.

NULL kuwa, wato gurbin da ba a sa komai ba, tarko ne da masu tsara tambaya ke so ƙwarai. Sa maki uku: 60, 80 da NULL. COUNT(*) zai ba da 3, COUNT(maki) ya ba da 2, AVG(maki) ya ba da 70, domin ba ya lissafa gurbin da babu komai. Rubuta maki = NULL ba zai dawo da ko layi ɗaya ba, IS NULL ake cewa. Haka NOT IN: in NULL guda ya faɗa cikin jerin da ake dubawa, sakamako zai fito fayau. Don nemo ɗaliban da ba su yi rajistar komai ba, ka saba da LEFT JOIN tare da IS NULL, ko NOT EXISTS.

In manhajarku ta haɗa da aljabarar alaƙa, mayar da kowace tambaya zuwa alamominta: σ tana zaɓar layuka kamar WHERE, π tana zaɓar ginshiƙai. Ka lura π tana zubar da maimaici, SELECT kuwa sai an ƙara masa DISTINCT.

A makon ƙarshe, rufe kwamfuta. Nemo tambayoyin shekarun baya, sa agogo, ka amsa da biro, tunda in jarrabawar ta takarda ce babu injin da zai nuna maka ka manta sharaɗin ON na haɗa tebura. A tambayar zane, in labarin da aka bayar bai fayyace ko kwas na iya samun malami biyu ba, zaɓi ɗaya, ka rubuta zatonka a fili a saman amsa, sannan ka gina teburanka a kansa.