Kafin ka danna Y a apt, duba me zai janyo maka

'Yan uwa masu amfani da Debian ko Ubuntu, ga wata dabara da za ta rage muku ɓarnar data da cikar faifai. Apt, wato umarnin girka manhajoji, ba ya tsayawa kan abin da manhaja ke buƙata dole, wato jerin Depends. Yana haɗawa da na Recommends, waɗanda manhajar za ta tashi ko babu su. A Debian 11, in ka girka mdadm don haɗa faifai, sai ka tarar exim4 ya biyo shi, sabar wasiƙu sukutum, don kawai ya riƙa aiko maka saƙo in faifai ya lalace.

Maganin shi ne:

sudo apt install --no-install-recommends mdadm

In ka ƙara -s a umarnin, zai nuna maka jerin abin da zai shigo ba tare da ya taɓa komai ba. In kuma kana so ya zauna haka kullum, ƙirƙiri fayil a /etc/apt/apt.conf.d/ ka rubuta:

APT::Install-Recommends "false";

Amma ni ban ba da shawarar wannan a kwamfutar da kake aiki da ita yau da gobe ba. A kan saba (server) ko cikin Docker, wato manhajar da ke gudanar da wasu manhajoji a keɓe, ya dace. A kwamfutar yau da gobe kuwa, za ka wayi gari firinta ta ƙi aiki ko wani bidiyo ya ƙi buɗewa, ka rasa dalili, alhali wani ɗan ƙunshi ne aka tsallake.

Masu Fedora, naku shi ne --setopt=install_weak_deps=False a dnf, takwaran apt a Fedora.