Shawara ga masu daɓen fili a ƙasa mai danshi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga masu shirin daɓe tsakar gida ko gyaran hanyar shiga fili a unguwanni irin su Ajah da Lekki a Legas, inda ruwa yake kusa da saman ƙasa, ina ba da shawarar a shimfiɗa yadin jiyotekstil kafin tifa ta juye tsakuwa. Abin da ke sa daɓen intalok (ƙananan bulon siminti da ake jerawa a ƙasa) ya lotsa bayan damina shi ne tsakuwar tana nutsewa cikin taɓo, taɓon kuma yana haurowa ya cike tsakaninta. Wannan yadi, wanda ake yi da zaren roba, yana raba su biyun, amma yana barin ruwa ya wuce.

Iri biyu ne a kasuwa. Saƙaƙƙen ya fi ƙarfi, ya dace da inda manyan motoci za su taka. Wanda ba a saƙa ba, mai kama da bargo, ya fi tace ruwa, don haka shi ake naɗe tsakuwar magudana da shi. Kada mai shago ya ba ku baƙar ledar gini a madadinsa, domin leda tare ruwa take yi.

Wajen shimfiɗawa, a share kututture da ƙarafa, a ɗora gefen wani yadin a kan wani aƙalla santimita 30, a ƙara faɗin idan ƙasar tana da laushi sosai. A rufe shi da wuri, domin rana tana cin zarensa, kuma kada mota ta hau shi kai tsaye sai an zuba tsakuwa. Babban aiki dai a nemi injiniya ya gwada ƙasar tukuna.