Kurakuran da ke lalata tufafi daga wajen ninki har cikin wadrob

Tufafi da yawa a wajen ajiya suke tsufa, tun kafin jiki ya more su. Riga za ta fito daga wanki fes, a goge, a ninke, a saka a wadrob, bayan wata biyu a ɗauko ta da wani irin wari, ko ɗigo-ɗigon baƙi a kwala, ko kafaɗarta ta yi tsini. Sai a ɗora wa yadi laifi, ko tela, ko sabulu. Akasari kuwa abu uku ne aka hana kayan: bushewa, iska, da wurin da ido zai gan su.

Danshi ne kan gaba

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne ajiye kaya da sauran laima a jikinsu. Mutum ya taɓa tsakiyar riga a kan igiya, ya ji ta bushe, ya kwashe. Amma ruwa ba a tsakiya yake laɓewa ba. Yana cikin kwala, da bakin hannu, da ƙugun wando, da cikin aljihu, da kalmasar tawul, duk inda yadi ya ruɓanya. Waɗannan wuraren ya kamata a matsa da hannu. In suka yi sanyi fiye da sauran jikin tufar, a mayar da ita igiya.

Guga ma tana yaudarar mutane. Wanda ya yayyafa ruwa ko ya yi amfani da tururi, ya ninke rigar da zafinta ya tura durowa, ya kulle tururin ne a cikin ninkin. A bar kayan guga su huce a hanga ko a shimfiɗe na minti goma zuwa sha biyar kafin a ninke. Banda maganin laima, karin gugar ma ya fi zama in yadi ya huce.

Fumfuna tana samun wurin zama idan danshin iska ya daɗe sama da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, kuma cikin wadrob da ke rufe kullum yakan fi tsakar ɗaki danshi. Shi ya sa manna wadrob da bango, musamman bangon da ruwan sama ke duka ta waje ko wanda banɗaki ke bayansa, ba dabara ba ce. A janyo shi ya bar tazarar yatsu uku ko huɗu. A riƙa buɗe ƙofofinsa na wasu sa'o'i a ranar da gari ya bushe. 'Yan ƙullin nan masu ƙwayoyi kamar gishiri da ake samu a kwalin sabon takalmi, wato silika, aikinsu shan danshi ne. A cikin akwati mai murfi suna da amfani, sai dai a nisanta su da hannun yara.

Ledar da masu wanki ke rufe kaya da ita ta hanya ce kawai. Da an iso gida a cire ta. Barin kwat ko doguwar riga a cikinta wata da watanni yana tare iska, farin yadi kuma ya soma komawa ruwan ɗorawa. In ƙura ake gudu, tsohon zanen gado na auduga ya fi leda nesa ba kusa ba.

In fumfunar ta riga ta kama, a fitar da kayan waje a kakkaɓe a can, kada a kakkaɓe cikin ɗaki, a wanke da ruwa mafi zafi da yadin zai iya ɗauka, a shanya a rana. A goge cikin wadrob ɗin da bilic da aka tsarma da ruwa, a bar shi buɗe har ya bushe ƙarau. Kada a kuskura a gauraya bilic da binega ko wani maganin goge-goge, domin haɗin yana fitar da iska mai guba.

Rigar da aka sa sau ɗaya

Kusan kowa yana yin wannan: an sa riga na 'yan sa'o'i, ba ta yi datti a ido ba, sai a mayar da ita cikin wankakku. Gumi da maiƙon jiki da turare ba sa nuna kansu a ranar farko. Sannu a hankali iska ke aiki a kansu har su zama tabon rawaya a hammata da wuya, kuma tabon da ya kwana wata shida yana wuyar fita. A ware ƙugiya biyu ko uku a bayan ƙofa, ko gefe guda na sandar rataya, don kayan da aka sa amma ba su kai wanki ba. Duk abin da za a ajiye na dogon lokaci kuwa, a wanke shi tukuna ko da sau ɗaya aka sa.

Wannan dattin da ba a gani shi ne ke kiran asu. Babban asu mai fiffike ba ya cin tufa. Tsutsarsa ce ke ci. Macen takan saka ƙwai kimanin 40 zuwa 50 a lungu mai duhu da ba a motsawa, tsutsotsin su yi ta cin ulu, siliki da gashi, domin abincinsu sinadarin furotin ne da ke cikin zaren da aka samo daga jikin dabba ko ƙwaro. Auduga da yadin roba ba su dame su ba sai in akwai gumi ko tabon maiƙo a jiki. Sitaci ma haka: rigar da za a sa cikin mako ba laifi a sa mata, amma wadda za ta yi watanni a akwati, sitacin jikinta abinci ne ga kyankyasai da wasu ƙananan ƙwari.

A nan dole in tsaya kan fararen ƙwallayen nan masu ƙarfin wari da ake watsawa cikin kaya, waɗanda aka fi sani da kafur. Da yawansu naftalin ne. Suna aiki ne ta hanyar narkewa su zama iska, kuma iskar ba ta kashe asu sai ta taru a cikin abu mai rufi ruf. A buɗaɗɗen wadrob, mutanen ɗakin ne ke shaƙar ta. Yaro yana iya ɗauka alewa ce ya haɗiye. Jaririn da aka haifa da ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini, kuwa, sa masa kayan da suka sha naftalin yana iya farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini ya kamu da shawara mai tsanani. Tarayyar Turai ta hana sayar da irin waɗannan ƙwallaye na naftalin tun 2008. Ni dai shawarata, kayan jarirai kada su kusanci wannan abu ko kaɗan. Tufar da ake zargin asu ya shiga, a wanke ta da ruwan da zafinsa ya wuce digiri 50 in yadin zai jure, ko a ɗaure ta a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na aƙalla kwana uku.

Me za a rataye, me za a ninke

Suwaita da duk wani saƙaƙƙen abu mai miƙewa ba a rataye shi. Nauyinsa yana jan sa ƙasa, wuya ya buɗe, kafaɗa ta ɗauki siffar hanga. Haka riga mai nauyin duwatsu ko aikin zare mai yawa. Waɗannan ninki suke so. Kwat, riga mai kwala, da yadin da ke saurin yamutsewa su ne na hanga. Siririyar hangar waya tana huda kafaɗa, tana kuma tsatsa in ta ji laima. Kwat yana buƙatar mai faɗin kafaɗa. A ɓalla maɓallin sama, a ja zif, a zazzage aljihu. In sai an yi kokawa kafin a zaro riga ɗaya daga sanda, kayan sun yi yawa, kuma gugar da aka sha wahala a kanta ta tafi a banza.

Tsibin da ya yi tsawo

Jera ninkakkun kaya goma sha biyar a kan juna yana da kyau a ranar da aka yi shi kaɗai. Washegari ana neman ta ƙasa, a ja, tsibin ya rushe. Daga nan hannu ya saba da ɗaukar uku na sama, na ƙasa su kwanta har a manta da su, wani lokaci ma a sake sayen irinsu. Wanda wadrob ɗinsa ke hargitsewa duk mako bai cika zama malalaci ba. Jerin ne bai dace da yadda hannu ke ɗaukar kaya da safe ba.

A kan kanta, kada tsibi ya wuce biyar ko shida, masu nauyi a ƙasa. A cikin durowa kuwa, a tsayar da kayan a gefensu kamar littattafai, ta yadda da an ja durowar za a ga kowanne. Yadda ake yi: a kifa rigar a kan gado ko tebur, a shafe ta da tafin hannu, a kawo gefen dama zuwa tsakiya a kwantar da hannun rigar a kansa, a yi wa hagu haka, ta zama doguwa mai kusurwa huɗu. Sai a ninka ta biyu, a sake ninkawa uku. In ta tsaya da kanta, ninkin ya yi. Abin da ake yawan mantawa shi ne auna zurfin durowar: ninki ya bi girman wurin, ba wurin ya bi ninki ba. Shafewar nan da tafin hannu kuma kada a raina ta, duk yamutsin da aka ninke a ciki zai kwanta ya zama kari.

Cusa safa ɗaya cikin 'yar'uwarta a dunƙule yana kashe robar bakinta. A haɗa su a ninka biyu. Zanen gado da rigunan filonsa a ninke su a zura cikin rigar filo ɗaya, an huta da neman abokin wani.

Yadi mai tsada da ake ajiyewa shekara da shekaru yana da nasa haɗarin. In kullum a layi ɗaya ake ninke shi, zaren wurin yakan raunana, launi ya koɗe, wata rana ya tsage daidai kan karin. Masu kula da tsofaffin tufafi a gidajen tarihi naɗe su suke yi a jikin bututu, ko su cusa takarda marar asid a cikin ninkin don kada ya karye. A gida ya isa a riƙa fito da shi sau biyu a shekara, ya sha iska a inuwa, a sauya layin ninkin. Kada a naɗe shi da jarida, tawadarta tana zuba.

Sayen robobi kafin rage kaya

In wuri ya cika, abin da ke fara zuwa rai shi ne a sayo kwanduna da akwatunan roba. Sai a wayi gari da tarkacen nan dai, an sa masa murfi kawai. A fara fito da kaya iri ɗaya gaba ɗaya, misali duk wanduna, a ga yawansu, a cire wanda ya matse, da wanda ya mutu, da wanda aka shekara ba a taɓa ba, a bai wa mai buƙata tun yana da amfani. Bayan nan ne za a auna kantocin wadrob a san girman abin da za a saya. Na kullum su zauna tsakanin kafaɗa da gwiwa, na lokaci-lokaci a sama, a rubuta abin da ke cikin kowane akwati a jikinsa. Kwali a ƙasan daɓe yana shan laima, gara da kyankyasai kuma suna son sa. Ledar da ake zuƙe wa iska tana rage wuri, amma bargo ko rigar sanyi mai gashin tsuntsu da ta daɗe a matse ba lalle ta koma yadda take ba. Takalmi kuma ya sha iska kwana ɗaya kafin ya shiga rufaffen wuri. Wannan tsari shi ne dai na ɗakin ajiya da kabad ɗin banɗaki.

Saura abu ɗaya da ya fi tufafin duka muhimmanci. Ɗora akwatuna masu nauyi a saman wadrob, ko cika durowar sama a bar ta ƙasa fayau, yana sa kayan ɗakin rinjaya gaba. Ƙaramin yaro yakan ja durowoyi ya taka su don ya hau. A 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye akwatunan durowa kimanin miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun faɗo kan yara sun kashe su. Duk gidan da yaro ke rarrafe ko tafiya, a sauko da masu nauyi ƙasa, a samo ƙarfen maƙalawa da sukurori, a kira kafinta ya ɗaure wadrob da akwatin durowa a jikin bango tun yau.