Darasi na Bakwai: Duba Baƙin Mai a Babur

Babur zai iya kai ka gida da tsohuwar taya ko fasasshen madubi. Amma in baƙin mai ya ƙare a cikinsa, ba zai yi nisa ba inji zai lalace. A cikin inji ƙarfe ne ke gogar ƙarfe, sau dubbai a minti guda. Baƙin mai ne ke shiga tsakani, ya sa santsi, ya rage zafi, ya kwashe datti. A yawancin babura, man nan ɗaya shi ke yi wa inji da giya da kuloci aiki. Kuma ba shi da yawa. Ƙaramin babur mai lamba 100 ko 125 wajen lita ɗaya kawai yake ci, don haka ɗan abin da ya ragu ba ƙarami ba ne.

Tsayar da babur tukuna

Nemi wuri shimfiɗaɗɗe, ba gangare ba. Ta da injin ya yi minti uku zuwa biyar, sannan ka kashe. Jira minti biyu ko uku, man da ya hau sama ya gangaro ya taru. Yi hankali da salansa, tana ƙona ƙafa.

Yanzu ɗora babur kan ƙafar tsakiya, ya tsaya cak. In ba shi da ita, wani ya riƙe maka shi a miƙe. A nan mutane da yawa ke kuskure, shi ya sa zan daɗe a kai. Babur in yana kan ƙafar gefe, hagu yake karkata. Gejin mai kuwa, wato tsinken da ake auna yawan mai da shi, galibi a dama yake. Sai man ya gudu hagu, geji ya fito kamar babu komai. Na taɓa ganin wani bawan Allah ya duba haka, hankalinsa ya tashi, ya tuttula rabin lita a injin da man cikinsa daidai yake. Bai yi nisa ba hayaƙi ya turnuƙe bayansa. Kwano in ka karkata shi, ai ruwan gefe guda yake komawa. Haka inji yake.

Karanta geji

Goge bakin murfin ramin da ake zuba mai da tsumma mai tsabta kafin ka kwance, kada yashi ya faɗa ciki. Murfin yana haɗe da ɗan siririn tsinke, shi ne geji. Zaro shi, ka goge shi tas. Wannan fitowar ta farko ba a karanta ta. Mayar da shi, ka sake zarowa. A babura da yawa ɗora shi kawai ake yi a bakin ramin, ba a murɗa shi. Wasu kuma sai an murɗa. Littafin da ya zo da babur ɗinka zai faɗa maka wanne ne naka.

Dubi ƙarshen tsinken. Akwai layi biyu, na sama da na ƙasa. Inda jiƙar mai ta tsaya, nan ne yawansa. In tana tsakanin layukan, lafiya lau. In ta kusa na ƙasa, sai a ƙara. Wasu babura ba su da tsinke, sai ƴar tagar gilashi a gindin inji, ita ma da layi biyu a gefenta. Durƙusa ka sa idonka daidai da ita.

Tun da man yana hannunka, murza ɗigo ɗaya tsakanin yatsu biyu. In ka ji tsaki-tsaki, ko ya yi baƙi ƙirin ya tsinke kamar ruwa, ƙari ba zai yi magani ba, juye yake so. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. In yana warin fetur sosai, fetur na zuba ciki. Waɗannan biyun aikin bakanike ne, kada ka ja lokaci.

Yadda ake ƙarawa

Karanta jikin robar mai kafin ka buɗe. Za ka ga lamba kamar 20W-50 ko 10W-40. Wannan kaurin man ne, kuma wanda littafin babur ya ce shi za ka bi. Nemi kuma inda aka rubuta JASO MA, alamar cewa man ya dace da kulocin da ke wanka cikin mai. Wani man mota santsinsa ya yi wa kulocin babur yawa, sai ka ja totur inji na kuka, babur ba ya gaba.

Sa mazurari mai tsabta. Zuba kaɗan, kamar cokali huɗu ko biyar. Dakata minti ɗaya, ka goge geji, ka sake aunawa. Haka za ka yi ta yi har man ya kusa layin sama. Kada ya wuce shi. Zubawa ba wuya, cirewa ce aiki. Mai in ya yi yawa, inji kaɗa shi yake yi har ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta hana ƙarfe cin ƙarfe. Sauran ya tura robobin inji ya fara yoyo, ko ya jiƙa matatar iska, fulogi ya yi baƙi.

Mayar da murfi, ka tabbata zoben robar da ke wuyansa yana nan, ka ɗaure da hannu kawai. Goge inda mai ya ɗiga, ka wanke hannu da sabulu.

Aikin gida

Gobe da safe, kafin ka tura babur waje, leƙa ƙasan inda ya kwana, ko akwai ɗigon mai. Sannan ka auna yadda muka koya. Rubuta kwanan wata a littafinka, da lambar kilomita da ke jikin agogon babur, ka zana geji da layukansa biyu, ka sa alama inda man ya tsaya. Bayan mako guda ka sake, ka zo mana da shafin aji mu karanta tare.